Yadda Ake Buɗe Rubutun Bincike Ba Tare Da Mai Karatu Ya Yi Hamma Ba

Duk wanda ya taɓa leƙa ofishin malamin jami'a a ƙarshen zangon karatu ya san yadda teburin yake zama. Kundayen ɗalibai jibge har sun rufe kwamfuta, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, ga shugaban sashe yana ta aike a kawo sakamako. Malam ya jawo kundin da ke sama, ya wuce shafin sadaukarwa, ya wuce godiya, ya iso babi na ɗaya. Abin da ya tarar shi ne: "Tun fil azal ɗan Adam yake da buƙatar sadarwa." Ya ture shi gefe, ya jawo na biyu: "Noma na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar." Na uku kuwa cewa ya yi: "Masana da dama sun tofa albarkacin bakinsu game da ma'anar ilimi." Babu jimlar da ta yi ƙarya a cikinsu. Illarsu ita ce malam ya san su tun kafin a haifi masu rubutun, saboda haka idonsa na kan takarda, hankalinsa ya riga ya tafi gida.

Na daɗe ina ganin laifin ba na rashin basira ba ne. Mu mutane ne masu gaisuwa. Ba ka faɗa zauren mutum ka ce "rance na zo nema" ba tare da ka tambayi gajiya da iyali da sanyi ba. Ɗalibi yakan ɗauko wannan ladabi ya shigo da shi rubutu, sai ya kwashe shafi uku yana gaida batun kafin ya taɓa shi. Alhali kundi yana da nasa zauren: shafin sadaukarwa da na godiya, a can ake gaisuwa. A babi na ɗaya an riga an zauna, an sha ruwa, mai gida ya dube ka ya ce, "To, lafiya dai ko?" Abin da ya rage shi ne ka faɗi abin da ke tafe da kai. Ga yadda nake koya wa ɗalibai su yi hakan, ko kundin digiri suke rubutawa, ko maƙalar mujalla, ko takardar taron ƙara wa juna sani.

Mataki na farko: ajiye gabatarwa sai ƙarshe

Kada ka zauna mako guda gaban farar takarda kana jiran jimlar farko. Ba za ta zo ba, domin har yanzu ba ka san abin da bincikenka zai gano ba. Idan sashenku na buƙatar ka miƙa babi na ɗaya da wuri, rubuta gabatarwar wucin gadi, ka miƙa, ka ci gaba da aiki. Amma ka ƙudurta a ranka cewa rumfa ce, za a rushe ta. Sai ka gama babin da ka zuba sakamakon bincike a ciki sannan ka dawo ka gina ta gaske.

Mataki na biyu: sa mutum ɗaya a gabanka

Ba wa "al'umma" kake rubutawa ba. Ka zaɓi mai karatu guda. Shawarata, kada ya zama malamin da ke duba aikinka, domin shi ya san labarin tun daga tushe, ko ka yi kwana zai gane inda ka nufa. Ka ɗauki mai jarrabawa na waje, wanda zai taso daga wata jami'a, bai san ka ba, ya san fannin amma bai san ƙauyen da ka yi bincike ba, kuma kundinka ɗaya ne daga cikin tulin da aka ba shi. Irinsa yakan fara da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin aikin da ke farkon kundi, ya karanta shafin farko, ya tsallaka zuwa babin ƙarshe, ya duba manazarta. A shafin nan na farko yake yanke shawarar ko da marmari zai karanta sauran, ko da jan biro a hannu.

Mataki na uku: nemo ƙullin

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe.

Batu daban, ƙulli daban. "Tarihin noman gyaɗa a ƙasar Kano" batu ne. Ba ya sa kowa ya gyara zama. Ƙulli shi ne abin da bai zauna daidai ba a cikin batun: abin da aka zata zai faru sai wani ya faru, ko bayanai biyu da suka ƙi jituwa, ko wani abu da kowa ke gani amma an kasa bayyana dalilinsa.

Mu tsaya kan gyaɗar. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Abin da Turawan mulkin mallaka suka fi sa rai jirgin zai riƙa kwasowa shi ne auduga, domin masaƙun Lankasha a Ingila na neman madadin audugar Amurka, har an kafa ƙungiya musamman a 1902 don bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Ga ƙasar Kano kuma ta daɗe da sanin auduga da saƙa da rini. Duk lissafi ya nuna auduga. Amma daga 1912 abin da ya cika tashar jirgin gyaɗa ce, har daga baya aka kai ga dalar gyaɗa da sunan attajirai irin su Alhassan Ɗantata ya shahara da ita. Ka ga ƙulli ke nan: an shimfiɗa dogo don auduga, manoma suka kawo gyaɗa. Duk wanda ya ji haka sai ya ce, "Me ya sa?" Wannan "me ya sa" ɗin ita kake nema. Da zarar ta fito daga bakin mai karatu, ka kama shi, domin yanzu shi ke bin ka bashin amsa. Amsar kuwa tana nan: masaƙan gida suna sayen auduga da tsadar da Turawa ba su kai ba, gyaɗa kuma ko kasuwa ta faɗi ana iya cinta, ga fatake da suka goge a cinikin goro sun shiga tsakani. Amma ba a jimlar farko za ka zazzage wannan duka ba.

Yaya za ka gano naka ƙullin? Rufe kwamfuta. Samu abokin ɗakinka, ko ƙanwarka, wanda dai ba fanninku ɗaya ba, ka ba shi labarin bincikenka da baka, da Hausar hira, ko da kuwa da Turanci kake rubuta kundin. Ka roƙe shi duk lokacin da ka yi shiru ya ce maka, "To, sai me?" Za ka ce kana nazarin kaza. To, sai me? Za ka ce yana da muhimmanci. To, sai me? Haka za ku yi ta yi har ranka ya fara ɓaci, ka ce, "Kai, abin mamakin fa shi ne…" Abin da ya biyo bayan wannan, maza rubuta shi. Shi ne bakin zaren.

Akwai wata ɗaliba da na taɓa duba aikinta, tana bincike kan mata masu sana'ar ƙuli-ƙuli a unguwarsu. Shafukanta na farko duk ma'anar "sana'a" ce daga bakin masana. Sai can tsakiyar babi na huɗu na tarar da wata magana a ƙarshen sakin layi, kamar an jefar da ita: yawancin matan da ta zanta da su sun san da rancen da ake bayarwa ba ruwa, amma sun gwammace su ci gaba da adashinsu. Na kira ta na ce, "Malama, me ya sa kika ɓoye wannan a nan?" Ta ce, "Malam, ai na ɗauka hira ce kawai, ba ilimi ba ne." Ita ce kuwa ilimin. Muka ɗauko ta muka kai shafin farko, ma'anonin sana'a suka koma babi na biyu inda ya dace da su. Abin da ya fi ɗaukar hankali a kundi sau da yawa yana kwance a inda mai shi bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Mataki na huɗu: zaɓi ƙofar shiga

Ƙulli ɗaya ana iya shigarsa ta ƙofofi da yawa. Fanninka da abin da ke hannunka su za su zaɓa maka.

Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce ta lamari takamaimai, mai wuri da shekara da adadi. A ce ɗalibin kiwon lafiyar al'umma ne ke rubutu kan haƙar ma'adinai. Maimakon ya ce gurɓatar muhalli babbar matsala ce a duniya, sai ya rubuta: "A 2010 yara fiye da 400 sun rasu a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda gubar dalma. Gubar ba daga wata masana'anta ta fito ba. A tsakar gida ake niƙa duwatsun da ake neman zinariya a cikinsu." Lura, bai ce "abin takaici" ko "abin ban tausayi matuƙa" ba. Adadin ya ishi kansa, ƙara masa kuka rage masa ƙarfi ne.

Sai dai adadi wuƙa ce mai kaifi biyu a shafin farko, domin nan ne idon mai jarrabawa ya fi buɗewa. Ɗauki Tafkin Chadi. Kowa ya iya cewa a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sannan fari na shekarun 1970 da 1980 ya rage shi da kusan kashi 90 cikin 100. Haka ne. Amma tafki ne marar zurfi, yana cika yana janyewa gwargwadon damina, kuma ya ɗan farfaɗo bayan wancan fari. Idan ka buɗe da cewa "tafkin na gab da ƙafewa", masanin labarin ƙasa zai ja layi a ƙarƙashin jimlarka ta farko, daga nan kuma da zargi zai karanta sauran. Duk adadin da ka sa a gaba, ka gan shi da idonka a madogara ta asali, ka faɗi shekarar da yake nufi, ka kuma sa madogarar nan take. Wanda ka tsinta a WhatsApp ka bar shi a can.

Ƙofa ta biyu ita ce tambaya. A 1950 masanin lissafi Alan Turing ya buɗe maƙalarsa a mujallar Mind da cewa zai duba tambayar ko na'ura tana iya tunani. Abin koyi a nan ba tambayar kaɗai ba ce. Nan take ya nuna cewa kalmomin "na'ura" da "tunani" suna da santsi, sai ya musanya tambayar da wata wadda za a iya gwadawa. Haka ake yi: ka jefa babbar tambaya, ka ƙuntata ta kafin sakin layin ya ƙare. Tambayar da amsarta ke hannun kowa kuwa, irin su "Shin ilimi yana da amfani ga matasa?", ba tambaya ba ce, gaisuwa ce ta sake riga. Kuma guda ɗaya ta isa. Na sha ganin gabatarwa mai tambayoyi shida a jere kamar takardar jarrabawa.

Ƙofa ta uku, faɗa kai tsaye. Maƙalar James Watson da Francis Crick ta 1953 a mujallar Nature, wadda ta bayyana siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, ba ta fi shafi guda da kaɗan ba, kuma jimlarta ta farko cewa kawai ta yi suna so su gabatar da siffar wannan sinadari. Ba tarihin halitta, ba kewaye. A fannonin kimiyya da injiniyanci wannan ita ce ƙofar da aka fi so, kuma idan sakamakonka yana da nauyi ba ka buƙatar wata.

Akwai ƙofofin da nake cewa a yi hattara da su. Karin magana na da daɗi, amma sai idan shi ne abin da za ka warware. Mai nazarin yadda karin magana ke siffanta kishiya yana da hurumin buɗewa da guda ɗaya ya shiga feɗe shi. Mai nazarin takin zamani ba shi da wannan hurumi, ado ne kawai ya rataya. Haka aya da hadisi: idan hukuncinsu ko lafazinsu ne batun binciken, su zo a gaba da cikakkiyar madogara. Idan don neman albarka ne, akwai muhallinsu mai daraja a shafukan farko. Ma'anar ƙamus kuwa, ban taɓa ganin inda ta riƙe mai karatu ba. Ka kawo ma'ana a farko ne kawai idan saɓanin masana a kanta shi ne ƙullinka.

Mataki na biyar: ɗora sauran ginin

Jimla mai kama hankali ita kaɗai ba gabatarwa ba ce. Masanin harshe John Swales ya nazarci yadda gabatarwar maƙalun bincike ke tafiya, kuma a 1990 ya bayyana cewa galibi taku uku take yi: a nuna fagen da abin da aka sani a cikinsa, a nuna giɓin da ya rage, sannan a ce ga abin da wannan aiki zai cike giɓin da shi. Ni nakan taƙaita wa ɗalibai da kalmomi uku: "an sani", "amma", "saboda haka". Idan ka duba shafinka na farko ba ka ga inda "amma" ko "sai dai" za ta zauna ba, to ba ka da gabatarwa tukuna.

Mu koma ga mai gyaɗa. A ce bitar da ya yi ta nuna masa cewa ayyukan da ya samu sun fi yin magana kan kamfanoni da manyan dillalai, shi kuma ya yi hira da dattawa a wata gunduma. Zai iya rubuta:

"Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, auduga hukumomin mulkin mallaka suka sa rai zai riƙa ɗauka zuwa teku. Cikin 'yan shekaru sai gyaɗa ta mamaye tashar. Masana tarihi sun danganta wannan sauyi da farashi da kuma rawar da fatake suka taka. Sai dai ayyukan da aka duba sun fi mai da hankali kan kasuwa, ba su faɗi sosai yadda aka yanke shawarar a cikin gandu ba: wa ya ware gona, wa ya yi aikin, wa ya riƙe kuɗin. Wannan bincike ya bi wannan tambaya a gunduma guda, ta hanyar hira da dattawa da kuma takardun haraji na lokacin."

Jimla biyar. Mai karatu ya san wuri, ya san lokaci, ya san abin da ake gardama a kai, ya san abin da za a ba shi. A rubutun gaske, bayan "masana tarihi" sai sunayensu da shekarun ayyukansu su biyo.

Wajen nuna giɓi a yi taka-tsantsan da harshe. Kada ka kuskura ka rubuta "babu wanda ya taɓa bincike a kan wannan". Ɗakunan karatu na Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da ta Abdou Moumouni a Yamai cike suke da kundayen da ba su hau intanet ba, kuma ba mamaki wanda zai jarraba ka shi ya duba ɗaya daga cikinsu. Ka ce "a ayyukan da aka samu dubawa", ka faɗi takamaiman ɓangaren da suka bari. Kada kuma ka zagi na gaba don ka samu wuri. Cewa aikin wane ya tsaya kan birni bai kai ƙauye ba ya wadatar.

Mataki na shida: aski

Bar rubutun ya kwana. Washegari ka sa hannu ka rufe sakin layin farko, ka fara karatu daga na biyu. Idan ba a rasa komai ba, goge na farkon. Za ka yi mamakin sau nawa hakan ke faruwa.

Sannan karanta jimlar farko da ƙarfi. Idan numfashinka ya ƙare kafin ka kai aya, raba ta. Ka farauci irin su "kamar yadda kowa ya sani", "ba ɓoyayyen abu ba ne", "a wannan zamani da muke ciki", "idan muka yi duba na tsanaki". Abin da kowa ya sani ba ya buƙatar kundi. Ka kula da "wanda" da ke haihuwar wani "wanda" har jimla ta manta da inda ta taso. Kalmomin fannu masu nauyi ka jinkirta su zuwa inda za ka samu sararin bayyana su. Gwaji na ƙarshe: ɗauki jimlarka ta farko ka tambayi kanka ko za ta iya zama a kan kundin abokinka mai wani batu daban. Idan za ta zauna daram, ba taka ba ce.

Mataki na bakwai: daidaita da tsarin sashe, ka kuma duba alkawari

Ɗalibai sukan ce mini, "Malam, ai a sashenmu dole a fara da shimfiɗa, sannan dalilin bincike, sannan farfajiya, wato iyakar binciken." Gaskiya ne, kuma kada ka yi faɗa da tsarin. Kanun suna nan yadda aka tsara su. Amma ba dokar da ta ce shimfiɗa sai ta faro daga halittar duniya. Sa ƙullinka a sakin layin farko na shimfiɗar, ka ba da tarihin da ake buƙata a bayansa, sannan idan ka iso dalilin bincike ka faɗaɗa giɓin da ka riga ka nuna. Idan malamin da ke duba aikinka ya fi son tsohon salo, kada ka tsaya musu da baki. Buga duka biyun, ka kai masa cikin ladabi ka ce, "Malam, na gwada ta hanya biyu, wacce ka ga ta fi?" Ya fi sauƙi mutum ya zaɓa da a ce masa ya sauya ra'ayi.

Daga nan sai ka ɗauki shafin farko da babin kammalawa ka ajiye su gefe da gefe a kan tebur. Ja layi ƙarƙashin duk abin da gabatarwa ta ce za a yi, ka nemi amsarsa a kammalawa ɗaya bayan ɗaya. Idan ka buɗe da mutuwar yara a Zamfara amma bincikenka ya ƙare kan farashin injin niƙa, ka kira mutane biki ka ba su ruwa. Ko dai ka rage alkawarin ya yi daidai da abin da ka gano, ko ka sauya ƙofar shiga. Ranar kare kundi, tambayar farko takan fito ne daga wannan tazara, saboda haka gara ka gano ta a ɗakinka da biro a hannu. In ka gyara, sai ka koma kan tsakure, domin shi ma jimlarsa ta farko aski ɗaya take buƙata.